Rumfar Mota Mai Naɗewa: Yadda Ake Wanke Ta Ta Daɗe

Assalamu alaikum jama'a. Maganarmu a kan rumfar gefen mota ce, irin wadda ake sa wa motocin yawon shaƙatawa, masu ɗaki a ciki. A Amurka da Turai suka fi yawa, amma duk mai rumfar naɗewa a nan Zariya, ko da a motar sayar da abinci ce, maganar ta shafe shi.

Ku fara duba irin yadin. Akwai na roba mai santsi, akwai saƙaƙƙe wanda iska ke ratsawa. Na roba yana jure buroshi mai laushi. Saƙaƙƙen kuwa, maganin hana ruwa ne a jikinsa, in aka dirje shi da ƙarfi sai ya fara yoyo.

Matsalarmu a nan ita ce ƙurar hunturu. Tun daga Nuwamba take kwanciya a kai, kuma da ruwan farko ya sauka wajen Afrilu ko Mayu, sai ta koma taɓo. Aka naɗe rumfar a haka, fumfuna ta samu wurin zama. Ai ba yadin take ci ba, dattin take ci.

To, a kakkaɓe ƙurar tukuna. A jarkar ruwa mai lita 20 a zuba rubu'in kofi na sabulun wanke-wanke na ruwa. In baƙaƙen ɗigo sun fito, a ƙara rubu'in kofi na bilic. A shafe sama da ƙasa, a naɗe, a bar ta minti 5 ta jiƙa, a warware, a ɗauraye sosai har da jikin motar. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da injin feshin masu wankin mota, don yana buɗe ɗinki.

Sannan a bar ta ta bushe ƙayau. Nan mutane ke gaggawa. In dole ta sa an naɗe da danshi, a warware da zarar rana ta fito.

Ƙarafan da ke riƙe rumfar, a fesa musu man silikon. Baƙin mai kuwa, ƙura yake tarawa. In ana yayyafi, a sauke gefe guda don ruwa ya zurare. Hadari ya haɗo daga gabas, a naɗe kafin iska ta iso. Sifirin ɗin da ke cikin bututun da rumfar ke naɗewa a kai kuwa a ɗaure yake tamau, yana iya karya hannu. Wannan a bar wa makanike.