Amsoshin Tambayoyinku: Kartar Sinawa ta Dou Dizhu da Karawa da Kwamfuta

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu da dama na wannan mako sun taru a kan abu guda, wata karta ta Sinawa da ta shiga wayoyin mutanenmu, don haka muka haɗa su wuri ɗaya.

Ta farko daga wani ɗan kasuwa ce a Kantin Kwari, Kano. Ya ce: "In na je sarin kaya Guangzhou, sai in ga masu shaguna sun duƙufa kan waya suna wata karta ta mutum uku, kana jin ƙarar fashewar bam daga wayar. Na sauke ta a tawa ina bugawa da kwamfuta, amma kullum ni ake cinyewa. Wace karta ce wannan, kuma yaya dokarta take?"

To Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Sunanta Dou Dizhu, wato yaƙi da mai gona. Daga lardin Hubei ta fito, inda birnin Wuhan yake, kuma sunan yana tuna zamanin da gwamnatin kwaminis ta ƙwace filaye daga hannun manyan masu gonaki ta raba wa talakawa manoma, bayan dokar sake rabon ƙasa ta 1950. Shi ya sa a wasan mutum ɗaya ne mai gona, sauran biyun manoma ne da suka haɗe masa kai.

Da kati 54 ake yi, har da joka biyu, baƙi da ja. Kowa a ba shi 17, a kife 3 a tsakiya. Sai a yi tayi, wannan ya ce ɗaya, wancan ya ce biyu, wani ya ce uku. Wanda tayinsa ya fi ya zama mai gona, a buɗe katin nan uku kowa ya gani, ya kwashe su, hannunsa ya zama 20, kuma shi ke fara jefawa. Duk wanda ya riga zubar da katinsa kaf ya ci. In manomi ɗaya ya gama, su biyun suka ci, ko da ɗayan bai jefa ko kati ɗaya ba.

Kun saba da Whot, inda in ba ka da abin jefawa sai a tura ka kasuwa ka ɗebo. A nan babu kasuwa. Abin da aka raba maka shi ke nan, ko ka doke abin da ke ƙasa ko ka ce a wuce. Kuma ba ruwan wasan da zanen da ke jikin kati, lamba kawai ake dubawa. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne 3 ce ƙarama duka, a hau har 10, sai J, Q, K, A, sannan 2 ta ɗare kan A, sai baƙin joka, jan joka a can ƙoli.

Kana iya jefa kati ɗaya, ko biyu masu lamba ɗaya, ko uku, kuma ukun suna iya jan kati ɗaya ko biyu iri ɗaya su tafi da su. Akwai jeri, kati biyar ko fiye a jere kamar 5, 6, 7, 8, 9, amma 2 da joka ba sa shiga jeri. Akwai jerin bibbiyu, aƙalla hawa uku. Akwai wanda suke kira jirgin sama, uku-uku a jere, kamar 8 uku da 9 uku. Sharaɗin dai, irin abin da aka jefa shi za ka doke da wanda ya fi shi, ba a doke biyu da ɗaya komai girmansa. Abu biyu ne kawai ke taka wannan doka: bam, wato kati huɗu masu lamba ɗaya, da roka, wato joka biyu a haɗe, wadda ba abin da ke doke ta. Ƙarar da kake ji a shagunan Guangzhou ke nan.

Kowane bam da ya fashe yana ninka makin. In tayi uku ne aka jefa bam biyu, ya zama 12, mai gona ya karɓi 12 daga kowane manomi, ko ya biya kowannensu 12. Ni a ganina, Alhaji, daga nan ake cinye ka. Sabon shiga yana son zama mai gona saboda ƙarin katin nan uku. In hannunka babu joka, babu katin 2 ko da guda biyu, bar wa kwamfuta gonar, ka zauna manomi.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗalibi ce a Damagaram, kuma da zafinsa ya rubuto. Ya ce: "Don Allah ku gaya mini gaskiya, kwamfutar nan ba leƙen katina take ba? Da na jefa jan joka sai bam ya sauka a kaina. Wannan ai cuta ce."

Ƙanena, kwantar da hankalinka. Gaskiya ne manhajar da ke wayarka ita ta raba katin, don haka mai rubuta ta in ya ga dama zai iya ba wa kwamfutarsa damar leƙe. Amma kafin ka yi zargi, duba irin ɗakin da ka shiga. A manhajoji da yawa, har da ta kamfanin Tencent da ta fi shahara a Sin, akwai salon da ba a cakuɗa katin sosai bayan an gama zagaye. Katin da aka jefa tare sai su sake fitowa tare, bam ya yi yawa a hannun kowa. Akwai kuma salon da ake zaɓar lamba ɗaya ta zama mai shiga ko'ina, ta cike gurbin kowane kati in ban da joka. A nan ma bam ba ya wuya. Mai koyo ya nemi salon asali.

Sannan kwamfuta mai ƙarfi ba ta buƙatar leƙe. A 2021 masu bincike da ke aiki da kamfanin Kuaishou suka fitar da wata manhaja mai suna DouZero. Ba wanda ya koya mata dabarun ƙwararru. An bar ta tana bugawa da kanta ba dare ba rana, tana lura da jifan da ya kai ga ci da wanda ya kai ga faɗuwa. Ba ƙaramin aiki ba ne, don an lissafa irin jifan da zai yiwu a wannan wasa ya kai 27,472. Da aka saka ta a dandalin Botzone, inda manhajoji ke karawa da juna, ita ta zo ta ɗaya cikin 344. Abin da take gani shi ne abin da kai ma kake gani: katin hannunta, abin da aka riga aka jefa, da yawan katin da ya rage wa kowa. A 2022 wata ta biyo baya, PerfectDou, daga masu binciken kamfanin NetEase. Ita a lokacin horo an bar ta ta ga katin kowa, amma ranar wasa sai a rufe mata ido kamar kowa.

Bambancinku da ita ɗaya ne, ba ta mantuwa. Kai kuma ba sai ka haddace 54 ba. Riƙe goma: joka biyu, 2 guda huɗu, A guda huɗu. Duk wanda ya faɗi ka cire shi a ranka. Bayan haka ka dubi hannunka ka ga wace lamba ce babu ko ɗaya. In ba ka da 6, wasa ya yi nisa kuma ba ka ga an jefa 6 ko ɗaya ba, to mai yiwuwa huɗun suna kwance a hannun mutum ɗaya, kuma a kan jokanka za su sauka. Ga wata ƙarama da masu wasan suka sani: duk jerin kati biyar dole ya ratsa ta 7 ko ta 10. Gwada ka gani, daga 3 zuwa 7, daga 6 zuwa 10, daga 10 zuwa A, ba wanda ya kauce. Da zarar 7 da 10 sun ƙare a ƙasa, ba mai sauran jeri a hannu.

Ta uku daga wata mai sauraronmu ce a Zangon Kumasi. Ta ce: "Ni ba mai gonar ke ba ni haushi ba, abokin nomana na kwamfuta ne. Na jefa K na kusa gamawa, sai ya doke ni da 2. Wani lokaci kuma yana da babban kati ya ƙi jefawa. Shin yana tare da ni kuwa?"

Hajiya, wannan tambaya ta taɓo zuciyar wasan, don wahalar Dou Dizhu ba ta mai gona ba ce, ta manoman nan biyu ce da ba sa ganin katin juna kuma ba su da ikon magana. Ƙananan manhajoji, musamman waɗanda ake bugawa ba intanet, da yawansu doka ɗaya suke bi: in akwai abin da ya doke na ƙasa, a jefa. Irin wannan abokin zai taka ki ba don mugunta ba, don bai san ke tasa ba ce. Haka ma in kina wasa da mutane ta intanet, wani ya bar wayarsa lokacinsa ya ƙare, kwamfuta ce ke karɓar kujerarsa, kuma ba da dabara take bugawa ba.

Amma ƙin jefawar da kika ambata, sau da yawa daidai ne. Dubi yadda ake zama. Mai gona ya jefa, sai manomi na farko, sai manomi na biyu, sannan a dawo kan mai gona. Na biyun nan shi ne mai tsaron ƙofa. Aikinsa ya toshe hanya da manyan kati, kada mai gona ya samu ya zubar da ƙananansa da araha. Na farkon kuwa shi ke lallaɓawa ya zubar da nasa. In ke ce ta farko kika jefa katin da mai gona zai sha wuyar dokewa, abokin kirki zai ce a wuce ya bar miki fili.

Bari in kawo misali a kusa. Ke ce mai tsaron ƙofa, jifa a hannunki yake, kina da 4 guda biyu, da 7, da 9, da K. Wayar ta yi ƙara, mai gona saura masa kati ɗaya. Hannu zai so ya jefa 7 don a rabu da ƙarami. In kika yi haka kin buɗe masa ƙofa. Fara da 4 biyun nan, don mai kati ɗaya ba ya doke biyu. In jifa ya dawo gare ki, sauko daga sama: K, sannan 9, sannan 7 a ƙarshe. In kin riƙe lissafin goman nan kin san joka da 2 da A duk sun faɗi, to K ɗinki ba mai taɓa shi. In kuwa ke ce ta farko, abokinki ne saura masa kati ɗaya, sai ki juya dabarar: jefa mafi ƙanƙantar katinki, 3 in akwai, ya ɗora nasa ya fita tun jifa bai kai ga mai gona ba. Kada ki ji zafin cewa ba ke kika gama ba, makin naku ne tare.

Wani malamin makaranta daga Garwa ya tambaya ko Dou Dizhu ita ce wadda ake kira Big Two. A'a Malam, 'yan'uwa ne dai. Waccan mutum huɗu ke yi, kowa kati 13, babu joka, kowa kansa yake yi wa, kuma zanen kati yana da daraja a cikinta. Ta fi ƙarfi a Hong Kong da Taiwan da Singafo. Akwai kuma Guandan, daga Huai'an a lardin Jiangsu, mutum huɗu bibbiyu da kati 108.

Ta ƙarshe gajera ce, daga wani magidanci a Gusau da ya ga ɗansa yana bugawa: "Wannan ba caca ba ce?" Baba, in da kwamfuta yake yi ba a sa ko sisi, maki ne kawai ke hawa da sauka. Inda za ka sa ido shi ne manhajojin da ke ba da wani abu kamar kuɗin wasa, a ta Tencent wake suke kiransa. Ana ba da kaɗan kyauta, in ya ƙare sai a nuna wa yaro inda zai sayi ƙari da kuɗin gaske, kuma ninkin da bam ke yi yana cinye shi da sauri. Duba wayar ka ga ko an haɗa ta da katin banki, in an haɗa ka cire. Hukuncin karta ita kanta a addini kuwa, wannan na malamai ne, a kai musu tambayar.

Sauran wasiƙun da ba mu kai gare su ba suna nan a ajiye, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.