Kafin a sayi famfon baƙin mai, a ɗaura wa motar geji

An gabatar da wannan lacca a wani zama na direbobi da kanikawa a Sabon Garin Zariya, aka kwafo ta daga faifan murya yadda aka yi ta.

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugabanni, iyayenmu direbobi, abokan sana'a kanikawa, barkanmu da warhaka. Yaran gareji da na hango can baya kun jingina da bango, ku matso, ga benci nan gaba babu kowa. Maganar nan taku ce fiye da ta kowa, don ku ne kuke shiga ƙarƙashin mota.

An ce in yi magana a kan famfon baƙin mai, yadda mai tsohuwar mota zai canja shi ba tare da ya sayar da ragon layyarsa ba (dariya). Abu huɗu na tsara: aikin famfon, yadda za a tabbatar shi ne ya lalace, wanda ya kamata a saya, da yadda ake ɗaura shi. In Allah ya yarda za mu taɓa duka kafin azahar.

Na farko. Baƙin mai yana kwance ne a ƙasan inji, cikin kaskon nan da muke kira botom filet. Famfo yana tsotso shi ta wani bututu mai rariya a baki, ya tura shi filta, daga filta ya bi ƙananan hanyoyin da aka huda a jikin inji ya kai ga metal, wato ƙarafan da kiranshaf yake juyawa a kansu, ya hau sama wajen kamshaf, ya gangaro ya dawo kasko. Cikin famfon babu wani sihiri. Ƙarafa biyu ne masu haƙora suna juyawa cikin juna, sai wani ɗan bawul mai sifirin, wanda yake buɗewa idan furesha ta yi yawa ya mayar da rarar mai.

To ga abin da nake so ku tafi gida da shi. Famfo mai kawai yake turawa. Furesha kuwa tana samuwa ne saboda man yana neman hanyar fita ta matsattsun wurare. Duk wanda ya taɓa noman rani a bakin Galma ya san wannan. Ka tayar da injin ban ruwa, injin lafiyarsa lau, amma ruwa yana fitowa sanyi-sanyi. Me za ka fara dubawa? Kan tiyon da ke cikin kogi, ko laka da ciyawa sun toshe shi. Sannan ka bi tiyon ka ga ko ya huje a hanya. Babu manomin da zai ruga kasuwa sayen sabon inji bai duba waɗannan biyun ba. Amma mu a gareji kullum haka muke yi wa mutane. Fitilar baƙin mai ta dashbod ta kama, sai a ce "Alhaji, famfo ne." Alhaji ya tafi Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya kashe kuɗin mota, ya kashe kuɗin famfo, aka ɗaura, bayan kwana kaɗan fitila ta dawo. Laifin wa? Laifinmu ne kanikawa, kuma dole mu gaya wa juna gaskiya.

Famfon mai yana cikin ƙarafan da suka fi daɗewa a jikin inji, saboda rayuwarsa duka cikin mai yake yin ta. Yana lalacewa, ban ce ba ya lalacewa ba. Amma kafin ka zarge shi akwai waɗanda suka fi shi saurin laifi.

Ku duba fitilar nan mai alamar buta a dashbod. Ba ita take auna mai ba. Wani ɗan swic ne a jikin inji yake kunna ta, kuma a yawancin motoci ba ya kunnawa sai furesha ta faɗi ƙasa sosai, wajen 0.3 zuwa 0.5 na ma'aunin furesha da ake kira bar. Wato lokacin da ka ga buta, in da gaske ne, abu ya riga ya yi nisa. Shi kansa swic ɗin yana mutuwa, yana yoyo, wayarsa tana gogar jikin inji ta kunna fitila babu dalili. Kuma kuɗinsa bai kai komai ba in ka gwada da na famfo da ladan aiki. Masu Golf, kuna nan? Na ga hannuwa da yawa, ai Zariya garin Golf ne (dariya). Golf 2 da Golf 3 swic biyu gare su. Ɗaya na ƙaramar furesha, ɗaya na babba, kuma na biyun ba ya aiki sai inji ya haura juyi 2000 a minti, shi ne yake sa ƙarar nan mai damun kunne in ka taka totur. Sau da yawa ana sauke botom filet a banza saboda swic ɗin nan, ko saboda an ɗaura wanda ba nasa ba.

Maganin wannan duka abu ɗaya ne: geji. Geji na hannu, mai allura da ɗan tiyo. Ka kwance swic, ka ɗaura geji a gurbinsa, ka tayar da mota. Shi ke nan. Wallahi garejin da ba shi da wannan geji bai kamata ya furta kalmar famfo ba. In ya yi wa mutum ɗaya tsada, ku haɗa kuɗi ku biyar a layi ɗaya ku saya, ku ajiye wajen dattijon layin. Ba abin da ake amfani da shi kullum ba ne.

Amma akwai sharaɗi. Kada ka auna da safe inji da sanyi, musamman da hunturu, lokacin mai ya yi kauri, ko mataccen inji zai nuna maka furesha mai kyau. A zagaya da motar tukuna, a je Kwangila a dawo, ko a miƙa Samaru, inji ya ɗauki zafinsa na aiki. Sannan a auna a silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, a kuma auna an taka totur. Kamfanin Volkswagen ya rubuta wa injinan Golf ɗin nan cewa in mai ya kai zafin digiri 80, a juyi 2000, furesha kada ta gaza bar 2. Akwai kuma tsohon lissafin kanikawa na fam 10 a kowane juyi 1000, in gejinka da fam yake ƙirga. Ba doka ba ce, amma tana nuna maka hanya.

Yanzu ku saurari yadda allura take magana. Yara, ku rubuta wannan. In geji ya nuna lafiya amma fitila tana kamawa, swic ne ko waya, ka sallami mai mota da ɗan kuɗi kaɗan ya yi maka addu'a. In da sanyi furesha tana da kyau, da zafi a silo ta zube, in an taka ta tashi, to ka fi zargin metal, sun cinye. Tazarar da ke tsakanin metal da kiranshaf a lafiyayyen inji ba ta wuce wajen milimita 0.05 ba. In ta buɗe, mai yana zurarewa ta nan, ko famfo na zinariya ka ɗaura ba zai riƙe ba. In kuma a silo lafiya, amma kana takawa allura tana rawa ko tana komawa ƙasa, to famfo yana neman mai bai samu ba. Ko man ya yi kaɗan, ko rariya ta toshe.

Rariyar nan, jama'a. Rariyar nan. Bari in daɗe a kanta. Me yake toshe ta? Na ɗaya, jinkirin juyen mai. Mai ya tsufa, ya ƙone, ya zama kwalta a ƙasan kasko. Na biyu, man kwalba na bakin titi wanda ba ka san asalinsa ba, da filta ta bogi wadda cikinta ba komai sai 'yar takarda. Ga ƙurar hunturu tana shiga ta lalatacciyar filtar iska. Na san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, Naira kuma ta faɗi, galan ɗin mai ya zama abin da direba yake tunani sau biyu kafin ya saya. Ban raina wahalar kowa ba. Amma araha a kan baƙin mai ita ce arahar da ba ta ado.

Sai na uku, wanda yake namu ne mu kanikawa: gam. Yaro zai rufe botom filet, ya matse rabin kwalin gam a baki, ya ɗaure. Wanda ya fito waje kana gani, ka goge. Wanda ya fito ta ciki fa? Ya bushe, ya gutsure, ya faɗa cikin mai, ya tafi kai tsaye ya manne a rariya. Ku buɗe tsofaffin injina ku gani, za ku tarar da zare-zaren gam ja da baƙi sun lulluɓe ta. Siririn layi ya isa. Kai mai jar hula, na ga kana dariya, kai nake nufi (dariya). Siririn layi, ɗana.

Haka masu wanke cikin inji da kananzir ko gas su bar shi yana aiki. Dattin da ya shekara a manne sai ya saki gaba ɗaya, kuma ba shi da wurin zuwa sai rariya. In inji ya yi datti haka, sauke kasko ka wanke da hannu.

Ina muke? Na uku ko? To, mu ce an auna, an sauke kasko, rariya fes, metal lafiya, an buɗe famfo an ga haƙora sun cinye ko murfin ya yi zane mai zurfi da farce yake kamawa. Yanzu ne za a yi maganar saye. Ra'ayina, ɗan Beljiyam na asali da aka ciro daga inji mai tsabta ya fi sabo marar suna da aka zuba cikin kwali mai ƙyalli. Amma kada ka karɓa a rufe. Ka sa a kwance murfin a gabanka, ka duba zane, ka tura ɗan bawul ɗin ka ji yana tafiya yana dawowa ba ya maƙalewa. Ka tafi da tsohon a hannu a gwada. Wani lokaci ma bawul ɗin ne kaɗai ya maƙale a buɗe saboda datti, a wanke shi famfo ya dawo aiki, ba a sayi komai ba.

Ladan aiki kuma ya danganta da motar. Golf 3, famfon yana cikin kasko, ka sauke ka gan shi. A wasu Peugeot 406 ma yana ƙasa, sarƙa ce take jan shi daga kiranshaf. Tsohuwar 504 da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, sanda ɗaya ce take juya shi tare da distirbuta. Amma Corolla da Carina masu bel, famfon yana gaban inji, sai an cire bel ɗin taimin. To tunda an riga an buɗe, a canja bel da sil na gaba lokaci guda, kada a biya aiki sau biyu. Kuma kada a ɗaura famfo a bushe. A cika haƙoransa da mai ko man basilin, a sa sabuwar roba a bututun tsotso don kada ya ja iska, a cire wayar koyil a yi ta ba shi kii har buta ta mutu, sannan...

Na'am? Bismillah, Baba, a ba shi abin magana.

(Wani dattijon direba ya ce motarsa tana lodin Kano, fitilar tana kamawa ne kawai in ya tsaya a cunkoso, kuma tun da aka zuba masa mai mai kauri aka sa wasa, wato ɗan zoben ƙarfe, a sifirin ɗin famfo ta rage kamawa. Ya tambaya ko zai iya ci gaba da aiki a haka.)

Allah ya ƙara girma, Baba. Tambayar nan ta fi abin da na rage ban faɗa ba amfani. Wasan da aka sa a sifirin bai yi maka komai ba a silo, saboda a silo da zafi bawul ɗin a rufe yake tun asali. Abin da wasa yake ƙarawa shi ne furesha da safe in inji da sanyi, kuma nan ne take iya kumbura filta ko ta fasa robarta. A cire shi. Man mai kauri shi ne ya rage maka fitilar. In 20W-50 ne, babu laifi ga tsohon inji a zafin garin nan. Amma ya rufe alamar ne kawai, tazarar tana nan tana ƙara buɗewa.

Abin da kake faɗa, Baba, ya fi kama da metal. Kuma in metal ne, yanzu ne lokacin araha. Matuƙar kiranshaf bai yi zane ba, a motoci da yawa ana iya sauke kasko a canja metal daga ƙasa ba tare da an sauke inji ba. In ka bari ya fara ƙwanƙwasa, sai an sauke inji, an kai kiranshaf an rage shi zuwa 010 ko 020, an sayi metal daidai da shi, ga gaskit, ga kwanakin da mota za ta yi a ajiye ba ta kawo ko sisi. In kuma ya buga a hanya, tsakanin Tashar Yari da Kwanar Dangora, da fasinja cike, ga kuɗin janwe, ga maganar sabon inji. Lokacin juye na gaba ka sa a tari man a faranti mai tsabta a fito da shi rana. In ka ga yana ƙyalli da ɗan gari-gari ja ko ruwan zinariya, metal ne yake narkewa a ciki.

Kuma duk wanda ya ce maka a cire ƙwan fitilar ko a yanke wayar don ta daina damunka, Baba, ka ɗauke motarka daga garejinsa. Ana yi, kowa a nan ya san ana yi.

An ɗaga mini hannu, lokaci ya yi. Sauran bayanin ɗauri, yara ku same ni bayan salla in ƙarasa muku a jikin inji, ya fi a baki. Kai kuma Baba, don Allah gobe kada ka shiga layin lodi sai an ɗaura mata geji da zafinta. Akwai mai geji a cikinku? Yauwa, ga shi can. Ku haɗu kafin ku fita.