Ciwon huhun kifin salmon da abin da yake yi wa zuciya

To jama'a, maganarmu a kan ciwon huhun kifin salmon ce. Ku ɗaga murfin kunnen kifi, jan naman nan mai kama da haƙoran mataji, shi ne huhunsa. Kifi kuma hanyar jininsa ɗaya ce tak, zuciya ta harba jini zuwa huhun, daga can ya wuce jiki kai tsaye, sai ya gama zagaye sannan ya dawo. Kenan duk abin da ya taɓa huhun nan zuciya sai ta ji a jikinta.

Cutar da nake magana a kai wata amiba ce ke kawo ta, wato 'yar ƙwayar halitta da ido ba ya gani, sunanta Neoparamoeba perurans. A Tasmaniya, wani tsibiri na Ostareliya, aka fara ganinta cikin shekarun 1980, amma sai 2007 aka tabbatar da ainihin ƙwayar, yanzu kam ta kai Nowe da Sukotland da Ayalan. Tana son ruwa mai gishiri sosai kuma mai ɗumi. In ta kama, za ka ga fararen tabo masu yauƙi, siraran ganyayyakin huhun su kumbura su manne da juna, masu kiwon kifin har maki suke ba su daga 0 zuwa 5 gwargwadon tsananin ciwon.

Yanzu ga inda abin yake da daɗin nazari. Kowa zai ce ai matsalar ƙarancin iskar oksijin ce, to wallahi in kifin yana hutawa sau da yawa oksijin ɗin jininsa bai wani faɗi can ba, abin da masu bincike a Tasmaniya suka gano shi ne hawan jini, jijiyoyin jikinsa sun tsuke, zuciya tana turawa da ƙyar, jinin da take fitarwa ya ragu, kuma iskar kabon ta taru jinin ya yi tsami. Ga shi ɓangaren cikin zuciyar salmon mai kama da soso daga ragowar oksijin ɗin jinin da ya dawo daga jiki yake samun nasa, wato dama can a takure yake.

Shi ya sa kifin da kake gani lafiya lau yana iyo a keji, da an tara su da raga za a yi musu wankan maganin amibar, na ruwan daɗi marar gishiri na awa 2 zuwa 3, ko na sinadarin haidurojin feroksaid, sai ka ga suna kifewa. Ni a ganina duk wanda ya jira maki ya hau kafin ya yi wankan ya makara, don lokacin zuciyar ba za ta iya ɗaukar wahalar kamun ba. Akwai mai tambaya?