Darasi: Hana Yankan Nama Sulalewa Daga Gilashi Lokacin Rini da Antibodi

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da ɗalibanmu na nan Gombe, barkanmu da warhaka. Yau za mu taɓo abin da ke ci wa da yawanmu tuwo a ƙwarya: ana tsakar rini da antibodi (furotin da ke kama abin da ake nema a cikin yankan nama don a gan shi a madubin likita), a ciro gilashi a tarar naman ya bi ruwa.

Wanki ake ɗora wa laifi, amma a ganina tun wurin shimfiɗa naman ake yin sakaci. Gilashi zalla cajinsa negatif ne, yawancin furotin ɗin nama ma haka, to ta yaya za su riƙe juna? Shi ya sa ake shafa masa poly-L-lysine, wani sinadari mai cajin fozitif da ke sa nama ya manne, ko a sayi mai cajin fozitif irin Superfrost Plus. Ku lura da hannuna, ta gefe nake riƙe shi, don maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya ɓata aiki. Kuma in irin wannan gilashin gare ku, kada ku zuba jelatin a ruwan ɗumin da kuke baza yanka, zai rufe cajin ne.

Ku yanka siriri, kamar maikron 4. In kun ɗauko, ku jingine gilashin a tsaye ruwan ya tsiyaye sarai. Nan fa gaggawa ke cutar da mutane. Ɗigon da ya maƙale a ƙarƙashin nama shi zai ɗaga shi daga baya. Sai ya bushe tukuna a sa a oben, digiri 60 na Celsius, awa 1. In an ɗauke wuta ku jira, kada a shanya a taga, ƙurar hunturu ba ta da tausayi.

Wajen dafawa don fito da antijen, wato abin da antibodin ke kamawa a cikin naman, ruwan sitiret mai pH 6 ya fi na EDTA mai pH 9 sauƙi ga nama, musamman ƙashi da naman mama mai kitse. Kada ruwan ya tafasa da ƙarfi, kuma ku bar gilashin ya huce cikin ruwansa kamar minti 20.

To, wankin kansa: PBS (ruwan gishirin da ke daidaita pH) da ɗan Tween 20 (sinadari mai kama da sabulu), sau 3, minti 5-5. Ku tsoma a kwalba a hankali, kada ku fesa ruwa kai tsaye a kan naman. Da an zuba antibodi kuwa, a rufe a akwati mai jiƙaƙƙen tishu, don da zafin garin nan kafin ka juya ya bushe. Bari in matso da kyamara ku ga yadda nake tsomawa.