Tsohon da Ya Fita Bai Dawo Ba

A shekarar 2007 wata mata ta fita daga gidanta a unguwar Asakusa ta birnin Tokyo a ƙasar Japan. Tana fama da ciwon mantuwa. Dare ya yi ba ta dawo ba. Iyalinta suka sanar da 'yan sanda, suka buga takardun cigiya, suka neme ta sama da ƙasa. Shiru, har kusan shekara bakwai.

Ashe ba a jima da ɓatanta ba aka tsince ta a garin Tatebayashi da ke lardin Gunma, inda jirgin ƙasa ke zuwa kai tsaye daga unguwarsu. Ta kasa faɗin daga inda take, sai hukuma ta ajiye ta a gidan kula da tsofaffi. Sunanta ma yana rubuce a jikin tufafinta, amma wajen shigar da shi cikin bayanan 'yan sanda aka yi kuskure. Don haka masu nema suna nema, masu riƙo suna riƙe da ita, babu wanda ya san da wani. Sai a watan Mayun 2014, da gidan talabijin na NHK ya nuna hotonta a wani shiri kan tsofaffin da suka ɓace, ma'aikatan gidan suka gane ta. Kafin mijinta ya iso gare ta, ciwon ya riga ya ci ƙarfinta.

Wannan ita ce wadda aka gani. Akwai waɗanda har yau iyalansu ba su san ko suna raye ba.

Mun fara da Japan ne saboda ƙasa ce ta tsofaffi, kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65, kuma hukumar 'yan sandanta tana fitar da lissafin irin wannan ɓata kowace shekara. A 2012 da aka fara lissafin, rahoton masu ciwon mantuwa da suka ɓace ya kai 9,607. A 2023 ya kai 19,039. Kusan ninki biyu ke nan. Yawancinsu ana ganinsu a ranar ko cikin 'yan kwanaki. Amma kowace shekara kusan mutum 500 gawarsu ake samu, wasu kuma ko gawar ba a samu.

To me ke fitar da su?

Mu a nan gigin tsufa muke cewa, mu wuce. Likitoci kuwa suna cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho ke samunsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ɗauke da shi sun haura miliyan 55, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzheimer. Yana fara cinye sabon abu, ya bar tsohon. Baba zai manta ya ci abincin rana, amma ya lissafo maka sunayen abokan da suka yi makarantar allo tare. Sannan yana lalata sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe hanya, har mutum ya tsaya a layin da ya shekara 40 yana bi ya rasa gabas da yamma.

Ku riƙe wannan, don shi ne ginshiƙin maganar: tsohon da ya fita ba yawon banza ya tafi ba. A ransa akwai inda ya nufa. Gona zai je, wadda aka sayar tun tuni. Kasuwa za ta je, ko ɗauko yaro daga makaranta, yaron da yau shi ma ya yi jikoki. Da yawansu "gida za ni" suke cewa alhali suna zaune a tsakar gidansu, don gidan da suke nufi shi ne wanda aka haife su. Rikicewar kan tsananta da la'asar sakaliya zuwa magariba, daidai lokacin da kowa a gida ya shagala da girki da alwala.

Masu aikin ceto sun lura da wani abu mai tayar da hankali. Yaro idan ya ɓace yakan yi kuka, mutane su ji. Mai wannan ciwo bai san ya ɓace ba, saboda haka ba ya neman taimako, sau da yawa ko kiran sunansa ake yi ba ya amsawa. Yakan miƙe ya yi ta tafiya har wani abu ya tare shi: kwata, rami, ƙaya, bakin rafi. Nan zai tsaya. Lissafin Japan na 2024 ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka samu gawarsu, cikin kilomita 5 ne daga inda suka ɓace. Wato ana can ana buga waya garuruwa, shi kuwa yana bayan unguwa, ƙishirwa ko sanyi na cin sa. Ga hawan jini ko ciwon suga, ga maganin an baro shi a gida. Jikin tsoho ba ya jure kwana biyu a haka.

Za a ce ai sakacin iyali ne. Ban yarda da saurin faɗin haka ba, ga dalilina. A watan Disambar 2007, a garin Obu na lardin Aichi a Japan, wani dattijo ɗan shekara 91 ya fita a daidai lokacin da gyangyaɗi ya ɗauki matarsa, ita ma 'yar shekara 85. Ya shiga layin dogo, jirgi ya buge shi ya rasu. Kamfanin jirgin ya kai iyalin kotu yana neman diyyar kusan yen (kuɗin Japan) miliyan 7.2 saboda jinkirin da aka jawo masa. Kotun farko ta ce su biya. Sai a watan Maris na 2016 Kotun Ƙoli ta wanke su. Tsohuwar da take jinya dare da rana, barcin 'yan mintuna ya sace ta. Wanda ya taɓa jinyar irin wannan mara lafiya ya san ba a iya wa mutum gadi awa 24.

Shi ya sa wasu garuruwa suka mayar da abin na kowa. A garin Omuta na Japan ana yin atisaye: wani ya yi shigar tsohon da ya ɓace, mutanen gari har da 'yan makaranta su koyi yadda ake tare shi da magana mai laushi. A garin Iruma, shi ma a Japan, tun 2016 ana manna wa masu ciwon wata 'yar lamba a farce wadda waya ke karantawa, don a gane su idan sun ɓace. A Amurka jihohi da dama suna da Silver Alert, sanarwar gaggawa a rediyo da allunan manyan hanyoyi. A Birtaniya kuma akwai takardar da iyali ke cikewa tun kafin a ɓace: hoton kwanan nan, magunguna, tsofaffin gidajen da ya zauna, inda ya yi aiki. Sunanta Herbert Protocol, daga sunan wani tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu da ya rasu a hanyar neman gidan da ya girma.

Mu ma ba hannu rabbana muke ba. Muna da cigiya a rediyo, da lasifikar masallaci, da gidan mai unguwa inda aka saba kai wanda aka tsinta, ga kuma WhatsApp. Abin da ke kashe mu jira ne da kunya. "Bari mu ga, zai dawo da magariba." "Kada a ji a gari cewa Hajiya ta rikice." Ɓoyewar nan ita ce ke sa mai shago ya ga Hajiya ta wuce ita kaɗai, ya gaishe ta, ya ci gaba da cinikinsa. Da ya san halin da take ciki, da ya riƙe ta da hira ya aika yaro gida. Wani abin ma ya fi wannan ciwo: tsohuwar da aka gani a baƙuwar unguwa tana sambatu, wani lokaci ba ɓatacciya ake kiranta ba, mayya ake cewa, a taru a kanta.

Idan kuna da irin wannan dattijo a gida, ku ɗauki hotonsa yau. Ku ɗinka lambar waya a cikin rigunansa, ko ku sa masa abin hannu irin wanda ake ba alhazai. Ku gaya wa maƙwabta, da masu shago, da 'yan acaɓan bakin layi. Ku rubuta wuraren da bakinsa ke yawan ambata.

Ranar da aka duba ɗakinsa ba a gan shi ba kuwa, kada a jira gari ya waye. A kasu gida uku nan take: wasu su tafi wajen 'yan sanda da mai unguwa, wasu tasha da asibitoci, sauran su bi unguwa da ƙafa. Masu bin unguwa kada su dogara da kira. Su leƙa kwalbati, kango, rijiya, kududdufi, bayan katanga. Wanda kuma ya fi kowa sanin tarihinsa, shi za a tura tsohon gidansu.