Jawabin Maraba ga Shugaban Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa a Daura

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wakilin Mai Martaba Sarkin Daura, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya. Babban baƙonmu, shugaban hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet. Hakimai da dagatai. Malamai, manoma da ɗalibai.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa garin Kusugu. Sannu da hanya, sannu da zafin bazara.

Ka same mu idon kowa na gabas, domin daga can hadarinmu ke tasowa, alhali danshin cikinsa daga kudu maso yamma yake, daga tekun Atlantika. Masana irinku ne suka warware mana wannan: iskar teku ta ƙasa take bi, a samanta kuma, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata mai gudu daga gabas da ke kora hadari yamma. Layin da iskar teku ke karo da busasshiyar iskar Sahara yana hawa arewa ya wuce mu a digiri 13 arewa da tsakiyar duniya (ikwaita), ya kai kusan digiri 20 a Agusta, lokacin marka. In ya ja baya, sai hunturu ya shigo da hazon Bodele ta ƙasar Chadi.

Kwamfutocinku kan yanka sararin sama gida-gida kamar dara, su lissafa zafi da danshi da gudun iska a kowane gida. Manyan sauye-sauye ba sa kuɓuce musu. Da irinsu aka gano ɗumin tekuna na da hannu a farin 1973 da na 1984, waɗanda dattawan zauren nan suka gani da idonsu. Amma hadarin da zai jiƙa Mai'aduwa ya tsallake Sandamu yakan fi gidan darar ƙanƙanta, don haka yakan kuɓuce musu.

Abin da ke hana manomi barci shi ne tsaikon ruwa bayan shuka. Gero ya tsiro, a yi mako biyu ba ɗigo, ya ƙone, ga iri da tsada. Sau da yawa iskar yankin ce baki ɗaya ke zaunawa a hali guda na kwanaki, don haka akwai fatan a hango shi tun da wuri.

Roƙonmu ke nan, ranka ya daɗe. A ƙara mana ma'aunan ruwa a ƙauyuka, ɗalibanmu za su riƙa karantawa kowace safiya suna aiko muku. Hasashen damina da kuke fitarwa farkon shekara kuma, a riƙa bin sa da na mako-mako ta rediyo, da Hausar da mai fartanya zai ji.

Ga lasifika, ranka ya daɗe. Bismillah.