Kasala da Teɓa: Daga Ina Ake Farawa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza da mata, malamai, 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji? To, madalla.

An ce mu tattauna a kan gajiyar da ba ta ƙarewa da kuma nauyin jiki, kuma gaskiya su biyun ɗanjuma ne da ɗanjummai. Ku dubi ranar magidanci ɗaya. Ya tashi da asuba jiki kamar an yi masa duka, ya sha shayi mai kauri da burodi, ya hau mashin zuwa kasuwa ko ofis, ya zauna har azahar. Ya ci shinkafa da mai da yaji, barci ya fara fizgarsa, ya aiki yaro ya sayo masa lemo mai sanyi don ya wartsake. Da dare malmala biyu ta tuwo wajen ƙarfe goma, sannan latsa waya har sha biyu. Gajiya ta hana shi motsi, rashin motsi ya ƙara masa nauyi, nauyin ya ƙara masa gajiya. Haka ake ta zagaye shekara da shekaru.

Kafin mu zo kan tafiya da kwanon abinci, akwai gajiyar da motsa jiki ba ya maganinta, domin ciwo ne. Wanda ya yi wata guda yana fama da kasala ba dalili, ya je asibiti a yi masa gwaji. Na farko ƙarancin jini, musamman ga mata masu zubar da jini da yawa a al'ada ko masu haihuwa kusa da kusa. Ma'aunin himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ya yi ja, idan ya gaza 12 ga mace, ko 13 ga namiji, ko 11 ga mai ciki, jini ya yi ƙasa. Irin wannan gajiyar tana zuwa da haki in an hau matakala, da jiri, da bugun zuciya, kuma in ka ja fatar ƙasan ido za ka ga cikinta ya yi fari. Na biyu sukari. A auna da safe kafin a ci komai. Daga 100 zuwa 125 mutum yana bakin ƙofa, daga 126 zuwa sama in an maimaita aka sake samu, ciwon suga ne. A auna hawan jini, a duba zazzaɓin cizon sauro. Wanda yake ramewa ba tare da ya nema ba, ga tari fiye da mako biyu, ga gumin dare, wannan a duba masa tarin fuka, kada ya yi murna wai teɓa ta tafi.

Akwai kuma wanda matarsa ce za ta ba da shaida a kansa: mai ƙiba mai minshari da ƙarfi, wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci sannan ya farka da shaƙuwa. Irin wannan ko ya yi awa tara a gado zai tashi a gajiye, ya riƙa gyangyaɗi a taro, wani lokaci har a kan tuƙi. Ya ga likita. Haka wanda damuwa ta danne, ba ya jin daɗin komai, shi ma ciwo ne da ake magancewa.

To, an yi gwaji an ce lafiya lau. Sai mu dubi barci. Babba yana buƙatar aƙalla awa bakwai. Wanda zai tashi biyar na asuba, lissafi ya nuna ƙarfe goma ya kamata ya kasance a kwance, in kuma bai samu ba ya cike da ƙailula ta minti ashirin zuwa talatin. Goro da kofi da shayi da waɗannan lemukan ƙara kuzari na gwangwani duk suna da sinadarin kafeyin, kuma bayan kimanin awa biyar rabinsa yana nan a jini. Goron la'asar shi ne ke hana barcin sha ɗaya. Sai ruwa. A bazara mutum yana iya yini cikin ƙarancin ruwa bai sani ba, kai na ciwo, jiki a mace. Ba sai an ƙirga kofi ba, a dubi fitsari: in ya yi ja kamar shayi, ruwa ya yi kaɗan.

Yanzu nauyi. Ba kowa ke da sikeli a gida ba, amma kowa yana da igiya. Ka auna tsawonka da igiya daga ƙafa zuwa ka, ka yanke, ka ninke ta gida biyu, ka zagaya cikinka da ita daidai cibiya, ba tare da ka shanye ciki ba. In bakin igiyar bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Mai tsawon santimita 170, ƙugunsa kada ya kai 85. Na fi son wannan gwaji a kan sikeli, saboda kitsen da ke kewaye da hanta da hanji shi ne mai jawo suga da hawan jini, ya fi na cinya haɗari nesa ba kusa ba. Mu bar ce wa teɓa alamar hutu.

Kuma ba sai mutum ya koma kamar sillan kara ba. A Amurka an yi wani babban bincike da aka fitar a 2002, a kan mutum fiye da dubu uku da ke bakin kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, kashi bakwai kilo shida ne da ɗoriya. Abin da ake nema ke nan da farko.

Ga lissafin da nake so kowa ya tafi da shi. Kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki ya kai kimanin kalori 7,700. In ka rage 500 a kullum, a mako ka sauke wajen rabin kilo, a wata kilo biyu. Mai kilo 70 in ya yi tafiya da sauri ta rabin awa, abin da zai ƙona bai wuce kalori 150 ba. Robar lemo mai gas ta rabin lita tana da sukari wajen gram 50, cokalin shayi goma sha biyu ke nan, kalori 200. Wato abin da ka kwankwaɗe a minti biyu sai ka yi tafiyar minti arba'in kafin ka biya shi. Shi ya sa masu fita atisaye da safe su dawo su zauna gaban mai shayi suke cewa ba su ga canji ba. Tafiya tana dawo da kuzari, tana gyara barci da sukari da hawan jini, amma yawancin kilon da zai sauka daga kwano zai sauka.

A kwanon kuwa, a fara da abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin gram 50 a rana ga babba, in an tsaya a 25 ya fi. Ku ƙirga na shayi, da na koko, da na fura, da na zoɓo, da na kunun aya, ga maltina a biki. Abin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar abin da aka tauna, don haka yana shiga ne a kan abinci, ba ya maye gurbinsa. Mai zuba cokali uku ya koma biyu na mako biyu, sannan ɗaya. Harshe yana sabawa.

Sai mai. Babban cokali ɗaya na mai, man gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne. Iyayenmu mata, ku gafarce ni, matsalar ita ce tuttulawa daga galan kai tsaye cikin tukunya. A riƙa aunawa da cokali. Miyar da mai ke iyo a samanta a kwashe shi kafin a zuba. Ku dubi ƙosai da alale: wake ɗaya ne, niƙa ɗaya, amma ƙosai ya yi wanka a kaskon mai, alale kuwa turara shi aka yi da ɗan mai kaɗan. Haka dafaffen dankali da soyayye, haka gasasshen kifi da soyayye. Awara abinci ce mai kyau, sai an soya ta sau biyu, an tsoma a ƙwai an sake soyawa, ta zama wani abu dabam.

Ba na ce a bar tuwo ba. Duk tsarin da ya ce Bahaushe ya bar tuwo ba zai yi wata biyu ba. A raba faranti ne. Rabi ganye: zogale, rama, alayyahu, kabeji, kuɓewa, yakuwa, kokwamba, duk abin da kasuwa ta kawo. Kashi ɗaya cikin huɗu wake, ko ƙwai, ko kifi, ko nama, ko nono marar sukari. Sauran kashin shi ne tuwo ko shinkafa, kamar girman dunƙulen hannunka. A yawaita miya a rage malmala. Dawa da gero da acha da ba a surfe su sun yi fari tas ba sun fi farar shinkafa da fulawa riƙe ciki, don dusar tana sa sukari ya shiga jini a hankali. Wannan barcin da ke kama mutum bayan azahar yana raguwa sosai in aka rage shinkafar aka haɗa ta da wake da ganye. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli abincin rana ne cikakke, in ba a cika masa mai ba. Gishiri kuma kada ya wuce gram 5 a rana, cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. Daddawa da albasa da citta suna rage buƙatarsa. Malamai da ke nan sun fi ni sanin hadisin da ya raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi.

Mai ƙarancin jini ta lura da wannan: shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye. A raba su da aƙalla awa ɗaya, a ci lemon zaƙi ko gwaiba ko tumatir tare da abincin, wannan yana taimakawa.

Mu koma kan motsi. Abin da ake so minti 150 zuwa 300 a mako, wato aƙalla rabin awa sau biyar. Wanda ya shekara biyar bai yi ba kada ya fara da haka. Makon farko minti goma a rana, kowane mako a ƙara biyar, a wata guda an kusa rabin awa. Saurin da ake nufi shi ne wanda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Ana iya rarraba shi, goma bayan asuba, goma bayan la'asar, goma bayan abincin dare, kuma tafiyar bayan cin abinci tana sauke sukarin jini. A je masallacin da ya fi nisa. A sauka daga adaidaita kafin a kai. A bazara a fita kafin rana ta ɗaga, a hunturu mai asma ya rufe hanci ko ya yi a cikin gida.

Sau biyu a mako a yi aikin ƙarfafa tsoka, domin mai rage abinci ba ya aikin tsoka yana zubar da nama tare da kitse, ya rame kuma ya ƙara gajiya. Ba a buƙatar kayan ƙarfe. Zauna a kujera ka miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, sau goma. Dafa bango da tafin hannu biyu, ka kai ƙirji kusa da shi ka tura kanka baya, sau goma. Jarkar ruwa ta lita biyar kilo biyar ce, a ɗaga ta sau goma kowane hannu. A huta minti ɗaya a maimaita zagaye biyu ko uku. Tsamin jiki a rana ta biyu da ta uku ba komai ba ne, zai wuce. Amma ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya gagara, a tsaya nan take a nemi asibiti. Mai shan maganin suga ko allurar insulin ya yi shawara da likitansa tun kafin ya fara, don sukarinsa na iya faɗuwa, kuma ya riƙe dabino a aljihu. Mai ciki ba ta rage ƙiba, amma tana tafiya.

Inda ake ɓata lamarin: ɗaura leda a ciki don a yi gumi. Ruwa ne ya fita, da an sha kofi biyu ya dawo. Kwanciya ana naɗe ciki sau ɗari ba ya narkar da teɓa, jiki ba ya zaɓar wurin da zai cire kitse. Shayin rage ƙiba da ake talla a waya yawancinsa mai sa gudawa ne irin filasko, wasu kuma an sha kama su da sibutiramin, maganin da ƙasashe da dama suka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Sai masu yini da yunwa, da magariba su rama har da riba.

Na ga hannu a sashen mata. Bismillah, Hajiya.

Hajiya tana tambaya, macen da ba ta fita kuma gwiwa na damunta, yaya za ta yi? Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, tsakar gida ta isa. Ki zagaya ta minti biyar bayan kowace sallah, kin sami minti ashirin da biyar a rana. Ki sa takalmi mai laushin ƙasa, ba silifas da ya cinye ba. Gwiwa kuma tsokar cinya ce ke tallafe ta, don haka ki zauna a kujera ki miƙe ƙafa ɗaya sambal, ki riƙe kina ƙirga biyar, ki sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. Ki guji tsugunne mai zurfi da tsalle. In gwiwar ta kumbura ko ta yi zafi in an taɓa, ki dakata a duba ta tukuna.

Malam na can yana tambayar azumi. A watan Ramadan a yi tafiyar rabin awa kafin shan ruwa in jiki ya ɗauka, ko bayan tarawihi. A buɗe baki da ruwa da dabino uku, a yi sallah, sannan a ci abinci. Wanda ya fito daga azumi da ƙarin nauyi, ya dubi kaskon suya da jug ɗin zoɓo. A sahur a ci abin da ke riƙe ciki, kamar wake ko ƙwai ko kunun gero da nono, a sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba. An kira sallah, sauran tambayoyin sai mun idar.